Yadda na gyara tsohon hoton Kakanmu, daga sikana har zuwa firem

Duk mai tsohon hoto a gida, irin baƙi da farin nan da ya yi ja don tsufa, yana kuma son a gyara shi, a ƙawata, a faɗaɗa ya shiga firem, to ya sani aikin ba a shago ɗaya yake ƙarewa ba. Akwai mai sikana, akwai mai gyara a kwamfuta, akwai mai wankewa, akwai mai firem, kuma kowannensu zai tambaye ka wani abu da ya kamata na bayansa ya ba ka amma bai ba ka ba. Na bi wannan layi a nan Ankara ta Gana da hoton kakanmu na wajen uwa, kuma da wani ya zaunar da ni tun farko ya jera mini matakan, da kuɗin motar da na kashe tsakanin Nima da New Town ya ragu sosai.

Hoton ɗan ƙarami ne, inci 3.5 a faɗi, 5 a tsawo, an ɗauke shi a situdiyo wajen shekarun 1960. Kaka na zaune a kujerar katako da babbar riga da dara, bayansa labule mai zanen furanni, tsagen Gobirawa a fili a kumatunsa. Shekara da shekaru yana cikin adakar Mma, tsakanin zannuwa. Wata lanƙwasa ta ratsa kafaɗarsa ta dama, tabon ruwa mai rawaya ya mamaye ƙasan riga, kusurwa ɗaya kuma ƙwari sun cinye. Shi kaɗai ne hotonsa da ya rage a hannun dangi, daga nan har Kumasi. Mma ta ce tana so a yi babba a rataye a falo kafin bikin ƙanwata, don baƙin da za su zo daga Aboabo ta Kumasi su gani.

Wurin farko da na kai shi wani shago ne a unguwa, irin masu fotokwafi da hoton fasfo. Yaron shagon ya karɓa, ya ɗora a kan tebur, ya ɗauka da wayarsa, ya zuba a wata manhaja, ya ce in ba shi minti goma. Ya karɓi sidi 20. Abin da ya nuna mini a allon waya ya burge ni a kallon farko, domin lanƙwasar ta ɓace, launi ya shiga, fuska ta yi sumul. Da na kai gida Mma ta riƙe wayar nesa da ido, ta matso da ita, ta ce, “Wannan kuma wane ne? Ina tsagen Babana?” Babu su. Manhajar ta ɗauka ƙarce ne a jikin takarda ta share su tas, ta siranta hanci, ta sa masa idanun wani mutum daban. Daga baya na fahimci dalilin. Waɗannan manhajoji masu aiki da ƙirƙirarriyar basira ba sa dawo da abin da ya ɓace a hoto, hasashe suke yi daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kai, su cike gurbi da abin da ya fi yawa a cikinsu. Fuskar Bagobiri mai tsage ba ta cikin abin da ya fi yawa. Hoton saurayi na jiya da ya ɗan yi dishi-dishi, suna iya taimaka masa. Hoton tsohon da za a tuna da kamanninsa kuwa, a yi hattara.

Wani abokin aikina ne ya ce in bar wasa, in nemi sikana ta gaske. Na hau tiro-tiro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa New Town, unguwar da tsofaffinmu har yau suke ce wa Lagos Town, inda masu ɗab'i suka yi dandazo, ƙarar injin na tashi daga kowane lungu. Na sami wani Masta mai sikana shimfiɗaɗɗiya, irin mai murfi. Tambayarsa ta farko ita ce wane girma nake so a ƙarshe. Na ce babba dai. Ya yi dariya ya ce babba ba awo ba ne, ya ɗauko biro ya yi mini lissafi a bayan rasit. Hoton da za a kalla a kusa yana son ɗigo 300 a kowane inci. Idan ana son inci 12 da 18, ana buƙatar fiksil, wato ɗigon hoto, 3600 da 5400. Hotona mai inci 3.5 da 5, idan aka yi masa sikana a kan 300 kamar yadda ake yi wa takardar makaranta, fiksil 1050 da 1500 kawai zai bayar, wanda in aka ja shi ya kai girman falo sai ya yi ɓaro-ɓaro. A kan 600 zai ba da 2100 da 3000. A kan 1200 zai ba da 4200 da 6000, wanda ya isa har da rara. Wannan lissafi na minti biyu shi ne ginshiƙin dukan aikin, kuma shi ne abin da yaron farko bai tambaya ba.

Muna cikin haka dumso ya yi halinsa, wuta ta ɗauke. Janaretan shagon na babban inji ne, ba a tayar da shi don hoto guda ba, sai muka zauna a benci muna fifita da kwali, na sayi ruwan leda, na yi Azahar a wani masallaci da ke bayan layin. Da wuta ta dawo, na lura da abubuwan da ya yi, kuma suna da amfani ga wanda zai kai nasa. Ya goge gilashin sikanar da ƙyalle mai laushi, hoton kuma bai taɓa shi da ruwa ko da hannu mai gumi ba, iska kawai ya hura masa. Ya kashe duk wani gyara na kai-tsaye da injin ke yi, na ƙara kaifi da na cire ƙura. Ya kuma yi sikanar da launi duk da hoton baƙi da fari ne. Na tambayi dalili, ya ce, “Malam, wanda zai gyara maka zai gode mini.” Ya yi wa bayan hoton ma sikana, inda akwai ragowar hatimin situdiyo da wani rubutun ajami da ya kusa gogewa. Ya ajiye a matsayin TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, fayil ɗin ya kai wajen MB 75, ya ce kada in kuskura in ce ya turo mini ta WhatsApp a matsayin hoto, domin matse shi za ta yi ya koma ƙarami. Dole na fita na sayo ɗan filash a bakin titi. Sikanar sidi 30 ya karɓa, filash ɗin ya fi ta tsada. Ya ƙara da wani gargaɗi da bai shafe ni ba amma zai shafi wasu: hoton da ya manne da gilashin tsohon firem, kada a ɓamɓare shi, fuskar takardar za ta bi gilashin. A kawo shi yadda yake a yi sikana ta cikin gilashin.

Daga nan sai maganar manhaja. Kowa Photoshop yake ambata, kuma da gaskiyarsu, tun 1990 yake kasuwa. Amma tun 2013 kamfanin Adobe ya koma tsarin biya wata-wata, sai da katin banki mai biya ta intanet, kwana 7 kawai suke bayarwa na gwaji. A kasuwar kwamfuta za a yi maka tayin wanda aka fasa a saka maka a kan kuɗi kaɗan. Ban karɓa ba, don ban ga dalilin saka abin da ban san me aka cusa a cikinsa ba a laftof ɗin da nake ajiye sakamakon jarrabawar yara. Akwai GIMP, kyauta ne, ana saukewa a yi aiki ba tare da intanet ba. Akwai Photopea, shi ma kyauta, a burauza yake buɗewa, fasalinsa kusan na Photoshop ne, yana buɗe fayil ɗin PSD, wato nau'in fayil na Photoshop, kuma hoton a kan kwamfutarka yake zama ana aikin. Shi na zaɓa, domin duk darasin Photoshop da na kalla a YouTube ina samun maɓallan a kusan wuri ɗaya. A waya kuma akwai Snapseed na Google, yana da kyau wajen haske da launi, amma ɗinke lanƙwasa a kan fayil mai wannan nauyi da yatsa wahala ce kawai.

Kallon bidiyo bai kai ni ko'ina ba sai da na zauna da mai hannu. Ƙanwar wani abokina a Mamobi tana yin katin biki da na suna da fostar Maulidi, ta ce in zo ranar Asabar bayan La'asar. Ba ta karɓi kuɗi ba, na dai saka mata data na kuma riƙo fura. Abu na farko da ta yi, kafin ta taɓa komai, ta kwafi fayil ɗin asali ta sa a wani wuri daban ta ce, “Yaya, wannan ba a buɗe shi don gyara har abada. A kan kwafi ake aiki.” Na biyu, ta ajiye kwafin a matsayin PSD, ta ce JPEG sai ranar da za a kai wa mai wankewa, domin duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake ajiyewa yana zubar da wani abu daga ingancinsa, kuma ba ya riƙe leya. Leya ita ce sirrin aikin gaba ɗaya. Kamar ledoji ne masu shara-shara da aka jera a kan hoton, kowane gyara a tasa ledar, in bai yi ba ka zare ta kaɗai, hoton na ƙasa bai san an yi ba.

A nan na gane abin da Masta yake nufi. Hoto mai launi a kwamfuta kashi uku ne a haɗe, ja da kore da shuɗi. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A kashin shuɗi tabon rawayan nan ya fito baƙi ƙirin, ya rufe rabin riga. A kashin ja kuwa da ƙyar ake ganinsa, har aikin zaren da ke wuyan rigar ya bayyana. Sai ta ɗauki kashin ja ta mai da shi tushen baƙi da farinmu. Tabon da na zaci zai ci mana yini ya tafi a minti biyar. Da an yi sikanar baƙi da fari tun farko, da tabon ya narke cikin hoton babu yadda za a raba su.

Sauran gyaran haƙuri ne zalla, kuma a gida na yi shi da dare, a hankali, laftof ɗina mai RAM 4 yana nishi. Da Curves na dawo da baƙi ya zama baƙi, fari ya zama fari, ba tare da farin rigar ya ƙone har ninkinta ya ɓace ba. Ɗigo-ɗigon ƙura na bi su da Healing Brush. Lanƙwasar kafaɗa ta fi ba ni aiki, domin ta ratsa ta kan aikin zare, kuma wannan burushin yana cakuɗa gefe da gefe ne ya bar wurin ya yi dama-dama. Sai da Clone Stamp, wanda ke ɗebo wani sashe mai lafiya ya manna a inda ya lalace, kuma dole ka riƙa sauya inda kake ɗebowa, in ba haka ba zane ɗaya zai yi ta maimaituwa har ido ya kama. Kusurwar da ƙwari suka ci labule ne kawai, na kwafo ɗaya kusurwar na juya ta na dasa. Fuska kuwa, na ja ta har kashi 200 cikin ɗari, na ajiye hoton asali a gefena a kan tebur, duk layin da na yi shakka a kansa sai in duba takardar da fitilar waya a karkace. Ƙarce yana da zurfi a jikin takarda, haske na kama bakinsa. Tsage kuwa a cikin hoton yake, takardar a wurin sumul take. Da wannan na raba su, ban cire ko ɗaya daga tsagen ba.

Sai da hoton ya tsaya da ƙafarsa sannan muka shiga ado, kuma a nan ne dangi suka shigo da ra'ayoyinsu. Kawu ya zo ya ga aikin ya ce a cire labulen nan na ƙauye a sa masa Ka'aba a baya, kamar yadda yake gani a fostoci. Mma ta ce Babanta bai samu zuwa Makka ba har Allah ya karɓi abinsa, ba za a sa masa abin da bai yi ba. Kawu ya ce to a sa Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda. Na ce Kawu, a 2021 aka buɗe masallacin nan, jikokinmu za su gani su zaci ya yi salla a ciki. Aka bar labule. Ni ma dai ina ganin labulen da kujerar suna cikin labarin, su ne ke gaya maka zamanin da aka yi hoton. Kuma cire baya aiki ne mai tonon asiri: in ba a bi gefen hula da kunne da kyau ba, sai mutum ya fito kamar an yanko shi da almakashi, hasken fuskarsa na zuwa daga hagu, na bayan yana zuwa daga dama.

Abin da muka yi wa bayan kaɗan ne. Ƙanwar abokina ta koya mini yin marufi a kan leya, wato ka shafa baƙi a inda ba ka son ado ya taɓa, fari a inda kake so. Na rufe Kaka da kujerarsa, na ɗan dusashe labulen da Gaussian Blur, kaɗan ƙwarai, yadda ido zai fara sauka a fuska. Na duhunta gefuna huɗu a hankali, abin da ake kira vignette a cikin manhajar, na rage ƙarfinsa har sai wanda aka gaya wa ne zai lura. Ƙa'idarta ita ce duk adon da ka sa, in ya yi maka daidai, to rage shi da rabi, ka tashi ka sha ruwa ka dawo ka sake kallo. Akwai wata dabara da ban taɓa tunaninta ba. Wuraren da na ɗinke sun fi sauran hoton santsi, domin tsohon fim yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa a jikinsa. Sai ta sa na zuba ɗan ƙaramin Noise a kan duka hoton a leya ta sama, nan take ɗinkin ya saje.

Launi shi ne babbar muhawara. Na yi iri biyu. Na farko sefiya, ruwan ƙasa-ƙasan nan na tsofaffin hotuna, wanda leya ɗaya ce ta Hue/Saturation, ka kunna Colorize ka karkata zuwa ruwan ƙasa ka rage kauri. Na biyu launi sosai da hannu: sabuwar leya ga kowane abu, fata daban, riga daban, hula daban, a sa yanayin leyar a kan Color don launin ya hau ba tare da ya rufe inuwa da haske ba. Na zaunar da Mma kusa da ni na ce, Mma, wane launi ce rigar? Ta yi shiru ta ce ba fara ba ce kamar yadda nake zato, shuɗiya ce mai haske, darar kuma ja. Fata ta fi komai wuya. Launi ɗaya in ka shafa wa fuska duka sai ta zama kamar ta roba, dole goshi da kumatu su ɗan fi ja, ƙarƙashin haɓa ya ɗan fi duhu. Kuma a nan ake gane masu son zuciya, domin da yawa daga masu gyaran hoto a garin nan haskaka fata suke yi ba tare da an tambaye su ba, har amarya ta kasa gane kanta a katin bikinta. Kaka baƙi ne wuluk, haka na bar shi. Af, wanda ke ganin gyaran hoto bidi'ar kwamfuta ce, ya tambayi tsofaffin masu situdiyo na Jamestown, inda situdiyon Deo Gratias yake tun 1922. A zamanin fim da fensir ake gyara fuska a jikin nagatif, a shafa launi da burushi a kan takarda. Kayan aikin ne suka sauya.

Da muka jera biyun, Mma ta zaɓi sefiya don falo. Ta ce mai launin ya yi kyau amma kamar jiya aka ɗauka, ita kuma ba haka take tuna hoton ba. Mai launin muka bar shi don rabawa a waya.

Rubutu ya zo da tasa matsalar. Na so in sa sunansa da “Allah ya jiƙansa” a ƙasa. Na zaɓi wani salon haruffa mai lanƙwasa mai kyau, sai ƙ ta fito akwati fanko. Yawancin haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Noto Sans da Charis SIL suna da su, da ɗayansu na yi. Larabci kuma, in manhajar ba a saita ta don rubutun dama zuwa hagu ba, haruffan kan fito a rarrabe kuma a juye, wanda bai iya karatu ba ba zai lura ba sai an buga an rataye. Na sha ganin haka a fostocin unguwa. A nuna wa malami kafin a buga. Mu dai mun bar Larabcin, domin Mma ta ce ƙananan kwafin da za a raba za su iya faɗuwa ƙasa a taka.

Ranar wankewa na koma New Town da fayil ɗin JPEG mafi inganci da PSD ɗin a filash. A nan ma akwai rabe-rabe da ba a gaya wa mutum. Masu buga kalanda da fosta da tawada huɗu suke aiki, CMYK, su kuma masu wanke hoto a takardar hoto ta gaske sRGB suke so, tsarin ja da kore da shuɗi na kwamfuta. Shagon farko na masu fosta ne, suka ce za su buga mini a kan sitika su manna a katako. Na gode musu na wuce gaba, na sami masu wankin hoto. Matar da ke kan kwamfuta ta buɗe ta ce awon bai dace ba: inci 3.5 da 5 ba siffa ɗaya ba ce da 12 da 18, ko dai a yanke gefe da gefe, ko a bar fari sama da ƙasa. Akwai hanya ta uku da wasu ke bi ba su faɗa maka ba, su ja hoton ya cika takarda, mutum ya fito dogo siriri ko gajere mai faɗi. Na ce kada a ja. Muka zaɓi 12 da 16, na ƙara ɗan labule a gefe da gefe a nan take, na bar sarari a kewaye domin bakin firem yana cin wajen milimita 5 ta kowane gefe, kuma rubutun ƙasa na ɗaga shi sama kaɗan.

Kafin babban, na biya sidi 10 aka wanke mini ƙarami na gwaji, kuma wannan ita ce sidi 10 mafi amfani a duk tafiyar. Ya fito da duhu fiye da yadda nake gani a laftof, tsagen sun nutse cikin inuwar kumatu. Dalilin a fili yake, allo haske yake fitarwa daga cikinsa, takarda kuwa sai hasken ɗaki ya sauka a kanta. Na buɗe PSD ɗin a kwamfutarsu ta Photopea, na ɗaga tsakiyar Curves kaɗan, na rage duhun gefuna, aka sake gwaji ya yi. Da JPEG kaɗai na zo da shi, da sai dai su haskaka komai gaba ɗaya har farin ya ƙone. A fito da takardar gwaji waje a kalle ta a hasken rana, fitilun shago suna ruɗi. Na zaɓi takarda marar ƙyalli, domin mai ƙyalli a bayan gilashi tana mai da hasken taga ido, kuma tana kama shatin yatsa. Babban ya ci sidi 80, aka ce in dawo da yamma domin akwai hotunan wani biki a gabana. Na biya da MoMo, wato kuɗin waya, na karɓi rasit, kuma da rasit ɗin aka nemo mini aikina a cikin tarin ambulan, don wadda ta karɓa ta tashi.

Mai firem yana nan kusa. Ya so ya yi wa hoton laminatin ya manna a katako, ya ce haka kowa ke yi yanzu. Na ƙi, don abin da aka manna ba ya ɓamɓaruwa. Na ce firem mai gilashi nake so, da kwali mai taga a tsakani don kada hoton ya taɓa gilashin. A garin da ke bakin teku irin namu, danshi na shiga ko'ina, kuma hoton da ya kwanta a jikin gilashi shi ne wanda jikoki za su zo suna neman yadda za su raba su. Ya ce kwalin zai ƙara kuɗi kuma firem ɗin zai ƙaru zuwa 16 da 20. Muka yi ciniki muka tsaya a sidi 180, na ba da rabi, ya ce jibi. Jibin ta ɗan zarce, kamar yadda aka saba, amma ya rufe bayan da takarda da gam yadda ƙurar hunturu ba za ta shiga ba. Waɗannan farashi na lokacin da na yi ne, kowa ya san yadda sidi take, a tambaya kafin a fita.

Wanda zai bi wannan hanya, ya yanke girman da yake so tun kafin ya bar gida, domin shi ne zai faɗa wa mai sikana lambar da zai sa. Ya tafi da filash nasa. Ya karɓi fayil uku a ƙarshe ko da wani ya biya ya yi masa aikin: sikanar asali da ba a taɓa ba, PSD mai leya, da JPEG na wankewa. Masu gyara da yawa na ƙarshen kawai suke bayarwa, in ka dawo neman canji su ce sabon aiki ne. Ya kuma kai wa wanda ya san mamacin ido da ido ya duba kafin a wanke, domin mai kwamfuta kyau yake nema, ɗiyar mamaci kuwa ubanta take nema. In an rataye, a guji bangon da rana ke duka. Hoton asali na sa shi a ambulan shi kaɗai, ba a leda ba, ya koma adaka.

'Yan Kumasi da suka zo biki kowa ya ce yana son nasa. Ɗan Gwaggo ya ɗauki na falon da waya ta cikin gilashi zai kai a wanke a Adum ta Kumasi, na ce ya goge. Na tura masa cikakken JPEG ɗin ta WhatsApp amma a matsayin Document, wanda ba ya matsewa, na rubuta masa awon 12 da 16, na ce ya biya a yi masa ƙaramin gwaji tukuna domin injinsu ba lallai ya yi daidai da na New Town ba. Gwaggo kuma ta aiko da nata aikin ta hannunsa, hoton aurenta, wanda ya manne da gilashi tun ba a haife ni ba. Na ce a naɗo shi da tawul yadda yake, da firem ɗin da komai, kada kowa ya gwada ɓamɓarewa.